Kunyar Ɗan Fari

Doguwa, 9 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Kawu Malam Balarabe, Kiru.

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, da ƙafar nan da aka ce tana damunka. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, an yi shuka.

Kawu, wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ne Sani, ɗan marigayiya Maimuna 'yar baffanka, wadda aka aurar Tudun Wada. Rabona da kai tun ina ɗan shekara tara, ranar da ka zo gidanmu da akwatin magani ka yi mini lamba a hannu. Yanzu ina koya wa manya karatu a nan Doguwa, ajin yaƙi da jahilci. Na ga a dangin mahaifiyata kai kaɗai ka rage babba, shi ya sa na ce bai kamata ka ji wannan labari a bakin wani ba.

Matata Suwaiba ta sauka lafiya, an sami namiji. An raɗa masa Abubakar, muna kiransa Habu. Ta haihu ne a gidan iyayenta, Fulanin zaune kusa da Falgore, inda ta tafi goyon ciki. Na kai itace da ƙauri da kanwa, ranar suna kuma na tsaya daga waje tare da maza kamar yadda ya kamata. Ban gan ta ba, ba kuma zan gan ta ba sai ta yi arba'in.

Yayata Furera ce ta zauna musu kwana goma, ta dawo tana ta yabo. Ta ce, “Sani, ka auri 'yar mutane. Ni dai ban taɓa ganin fulako irin na yarinyar nan ba. Ko kallon yaron ba ta yi. Sai an danna mata shi a ƙirji take ba shi nono, kanta a juye bango. Yana kuka, ko gezau. Tsofaffin gidan har kiran maƙwabta suke yi su zo su ga kunya.” Ta ce ko guɗa da aka yi ranar suna ba ta sa ta ɗaga kai ba.

Na ji daɗi ƙwarai, don ka san 'yan matan yanzu. Ka sa mana albarka, Kawu. Maikano direban lori ne zai kawo wannan har Kwanar Dangora, ta hannunsa kuma amsa za ta iso ni.

Ɗanka,
Sani

Kiru, 17 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Sani.

Na sami takardarka. Ƙafa tana nan yadda take, ba ta warke ba, ba ta kashe ni ba. Na tuna ka. Kai ne ka cije ni a hannu. Allah ya raya Abubakar, ya ji ƙan Maimuna.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka sallame ni daga aikin dispensa, wato mai ba da magani a ƙaramin asibiti, kuma kai ne na farko a danginmu da ya tuna ina da rai. Ba godiya nake yi ba, faɗa maka nake yi. Don haka kada ka sa ran zan rubuto maka abin da kake so ka ji.

Na karanta abin da Furera ta ce sau uku, bai yi mini daɗi ba. Kunyar ɗan fari na san ta, a cikinta aka haife ni. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta mutu. Amma da mutane sun fita ɗaki, sai ta jawo shi ta sansana kansa. Mai kunya ɓarauniya ce, Sani. Tana satar kallo, tana satar taɓawa, idan ya yi kuka kafaɗarta tana motsi ko da ta kawar da kai. Wadda yaro ke kuka a gefenta ko gezau, wannan wani abu ne dabam.

Ka sa a bincika maka waɗannan. Tana cin abinci, ko mayar da ƙwarya take yi yadda aka kawo? Tana barci? Idan aka watsa mata ruwan wanka tana cewa da zafi, ko shiru take yi kamar ana wanke turmi? Tana magana da uwarta? Akwai wanda ya taɓa leƙawa ya gan ta ita kaɗai da yaron?

Akwai ciwon da ke bin jego, yana kama zuciya da hankali, ba ya fito da ƙurji ko zazzaɓi. Na gan shi. Tsofaffin nan da ke kiran maƙwabta kallo, ina tsoron mara lafiya suke nunawa suna tafi.

Kai malami ne, an ce. To, ka yi aiki da abin da ke kanka.

Balarabe

Doguwa, 30 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Kawu.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya. Kawu, albarka na roƙa, ban roƙi a duba mini mata daga Kiru ba.

Takardarka ta tayar da hankalina, sai na karanta wa Furera, don ita ta gani da idonta. Na yi kuskure. Ranar kasuwa ta tafi Falgore ta ce musu wai wani kawunmu da ya yi boko ya ce 'yarsu ta haukace. Surukina Baffa Ɗanasabe ya aiko mini da saƙo mai zafi. Ya ce tun kakanninsu ba a taɓa samun mai taɓuwa a zuri'arsu ba, idan kuma Haɓe ba su san fulako ba, su yi shiru. Ya ce kada Furera ta ƙara taka gidansa. Yanzu ba ni da kowa a can da zai ba ni labari.

Game da tambayoyinka, ga abin da Furera ta ce, don ka ga babu komai. Abinci ba ta ci sosai, amma ai mai jego takan ƙosa da kunun kanwa. Barci, ta ce duk sanda ta farka takan ga idonta biyu, amma wa ke barci da jariri a ɗaki? Ruwan wanka kuwa, ta ce ungozoma har mamaki take yi, ruwa na tafasa ana watsa mata da ganye, ko uhum ba ta cewa. Ai jarumta ce wannan. Magana dai tun asali ba mai surutu ba ce. Sau ɗaya Furera ta ji ta ce wa uwarta, “Inna, da kun bar shi wurin wadda ta iya.” Uwar ta yi dariya ta ce kowa da haka ya fara.

Saura kwana bakwai ta yi arba'in. Zan je in ɗauko ta, sai in rubuto maka ka ji kunyar abin da ka faɗa. Ka gafarce ni idan na yi kaushi, amma ka jawo mini abin da ban san yadda zan gyara ba.

Sani

Kiru, 8 ga Yuli, 1956

Zuwa ga Sani.

Ina gaishe ka. Lafiyata ba ita ce abin tambaya ba yanzu.

Ban ce ta haukace ba, amma na san haka za a ji shi, kuma da na yi tunani da ban rubuta da wannan baki ba. Laifina ne. Na daɗe ban yi magana da kowa ba sai kaji.

Amsoshin da ka ba ni don in ga babu komai, su ne suka sa na kasa cin tuwo. Bari in gaya maka abin da ko Maimuna ba ta ji daga bakina ba.

Na taɓa aure. Sunanta Halima, 'yar Bebeji. A 1934 ta haifa mini 'ya, lokacin ina sabon dispensa, na fito makaranta da takardar shaida da farin wando, ina ganin duk wanda bai san sunan ƙashin hannu da Turanci ba jaki ne. Na hana ta zuwa goyon ciki, na ce al'adar jahilai ce, a gabana za ta haihu. Bayan suna ta yi shiru. Ba ta ci, ba ta barci, ba ta duban yarinyar. Matan unguwa suka ce kunya ce, ni kuma na ce ƙarancin jini ne, na riƙa auna mata magani a cokali safe da yamma.

Yayarta Asibi, ungozoma ce, ta zo ta dube ta ta ce, “Malam, ka ba ni ita in tafi da ita, ko ka bar ni in zauna. Wannan ba ta son kwalba, mutum take so.” Na ce mata ta tafi da ganyayenta, nan gidan mai ilmi ne. Ta tafi. Kwana goma sha biyu bayan nan, da rana tsaka, ina ɗakin magani ina ɗaure wa wani gyambo, aka zo aka ce in zo rijiyar bayan gida. Muka gaya wa mutane santsi ne ya ɗebe ta. Yarinyar ta bi ta bayan wata biyu.

Na koma na buɗe littattafan da aka koya mana da su. Babu shafi ko ɗaya a kan abin da ya kashe Halima. An koya mini tsutsar ciki iri bakwai.

Ga abin da za ka yi. Kada ka jira komai, ka tafi Falgore, ka ajiye kunyar surukai a ƙofar gida, ka shiga ka gan ta. Kada a bar ta ita kaɗai, ko bayan gida za ta. Kada a raba ta da yaron, kada kuma a matsa mata da shi. A samo mace babba wadda ba uwarta ba, wadda ba za ta ji nauyinta ba, ta zauna da ita. Idan ka ce in nemo Asibi, zan nemo ta, ko da yake shekara ashirin da biyu ba ta amsa sallamata.

Balarabe

Falgore, 23 ga Yuli, 1956

Zuwa ga Kawu.

Ina gaisuwa, an yi Salla lafiya. Ban ji daga gare ka ba tun takardata ta ƙarshe, na san ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Maikano bai biyo ba kusan mako uku, an ce ruwa ya cinye hanya bayan Tudun Wada. Wannan zan ba wani mai keke ne. Don Allah ka amsa.

Na zo ɗaukar Suwaiba ranar arba'in, aka ce in dakata, ba ta gama ƙarfi ba. Na koma. Bayan kwana biyar aka aiko in zo maza.

Da hantsi, mata sun tafi kai tallan nono, ta ajiye Habu a tsakar ɗaki ta fita. Masu kiwo suka same ta a rafi, ruwa har ƙirji, tana tsaye. Da suka jawo ta ba ta yi gardama ba, ta ce musu dai, “Kun ɓata mini.”

Yanzu kowa ya yarda ba ta da lafiya, amma sun ce iska ce ta shafe ta a wurin wanka. An kawo mai magani, yana ta turare har ɗakin ba a ganin mutum. An ɗaura mata igiya a ƙafa an haɗa da turken ɗaki don kada ta koma rafi. Na shiga na gan ta, Kawu. Na yi sallama, ta dube ni kamar mai neman tuna inda ta san ni. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu.

Sai kuma maganar nono. Tsofaffi suka ce wadda iska ta shafa nononta ya ɓaci. Suka tatsa a ludayi suka jefa tururuwa, tururuwar ta mutu. Nan take aka ɗauke Habu aka kai shi rugar goggonta, tafiyar yini guda, wai a ba shi na saniya. Suka ce dama ɗan fari na kakanni ne. Na ce a bar shi, Baffa ya ce, “Kai da danginka kuka fara kira mata ciwo da baki, yanzu kuma za ka koya mana reno?” 

Wani malamin daji, ma'aikacin gandun dajin Falgore, ya ce in kai ta birni, akwai inda ake tsare irinsu. Kawu, ka yi aikin asibiti. Babu wata allura? Ko nawa ne zan saya. Ka aiko mini da sunanta kawai.

Ɗanka,
Sani

Bebeji, 2 ga Agusta, 1956

Zuwa ga Sani.

Takardarka ta same ni jiya. Tawa ta ranar takwas ga Yuli tana nan a aljihun Maikano a Kwanar Dangora, na karɓo ta da hannuna, ta jiƙe ta bushe. Na haɗa maka da wannan. Ka karanta ta, ko da yake yanzu ba ta da amfani sai ta nuna maka irin mutumin da kake neman shawararsa.

Babu allura. Da akwai, da na yi wa tawa. Kada ka kai ta birni. Na taɓa raka wani can, na ga abin da ake yi: ƙofa ce da kwaɗo, da mutum ɗaya mai sanda. Wanda ya shiga da baƙin ciki, da shi zai zauna, sai dai a ƙara masa ƙwarƙwata.

Tururuwa kuma, ka jefa ta a nonon kowace mace a ƙasar Kano, ko a ruwan randa, za ta mutu, don ba kifi ba ce. Lafiyar nonon Suwaiba ƙalau. Na saniya ne nake tsoro a cikin jariri da damina. Ka matsa a dawo da yaron.

Daga Bebeji nake rubuto maka. Na hau jaki na zo gidan Asibi. Ta bar ni a zaure tun hantsi har azahar, sannan ta fito ta ce, “A'a, likita ne da kansa? Kwalbar ta ƙare ne?” Na ce ta ƙare. Na ba ta labari. Ta ce, “Kwana nawa da haihuwar?” Na faɗa. Ta ce, “Kuma sai yanzu.” Sai ta shiga ta ɗauro ƙunshinta.

Ita ce za ta miƙa maka wannan takarda. Ta haura saba'in, bakinta ba daɗi, tana jin Fillanci don a cikinsu ta yi aurenta na fari. Kada ka ce ni na aiko ta. Ka ce inna ce daga dangin uwarka ta zo barka a makare. Abin da ta ce a yi, a yi. Kada ka tsaya yi mata bayani irin na masu karatu, na riga na yi mana wannan mu duka.

Balarabe

Falgore, 27 ga Agusta, 1956

Zuwa ga Kawu.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ka koma Kiru lafiya. Na karanta takardun nan biyu. Allah ya ji ƙan Halima da 'yarta. Ban san abin da zan ce ba bayan wannan.

Akwai labari iri biyu, zan fara da mai sauƙi.

Inna Asibi ta iso, ta gaisa da mutanen gida da Fillanci har suka saki jiki. Da ta shiga ɗakin ta fito da kaskon turaren ta ajiye a waje ta ce, “Aljanin da bai gudu ba kwana ashirin, ya saba ne, ku bar ɓarnar gawayi.” Ta kwance igiyar. Baffa ya ce idan ta koma rafi fa? Ta ce, “Sai ta ja ni mu tafi tare, ga zanena a ɗaure da nata.” Haka kuwa ta yi, ta ƙulla bakin zanenta da na Suwaiba.

Ba ta tambaye ta komai ba. Ta tsefe mata kai ta yi mata kitso, yini biyu tana yi. Idan an kawo fura sai ta sha ludayi ɗaya ta miƙa mata ɗaya. Tana ta ba ta labarin haihuwarta ta biyu, wai ta yi wata uku tana addu'a rufin ɗaki ya faɗo mata. Ta sa ni in riƙa zama a bakin ƙofa kullum da la'asar ina ba da labarin 'yan ajina, ko an amsa ko ba a amsa ba. Uwar Suwaiba ta ce wannan rashin ta-ido ne, suruki a ƙofar ɗaki. Inna ta ce, “Ta-idon ce ta kai ta rafi.”

Ranar kwana na tara da zuwan Inna Asibi, ina zaune sai na ji muryar Suwaiba tana yi mata magana. Ta ce, “Inna, ni ba kunya nake ji ba.” Inna ta ce, “Na sani, 'yar nan.” Ta ce, “Da aka miƙo mini shi ban ji komai ba, kamar an ba ni ajiyar ƙwaryar maƙwabta. Ina jira in ji, ban ji ba. Su kuma suna ta yabona. Sai na ce to ni ba mutum ba ce, gara ya tashi bai san ni ba.” Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Inna ta bar ta ta yi. Tun ranar tana ci, tana ɗan barci, jiya har ta ce mini rigata ta yi datti.

Ga ɗaya labarin. Habu ya rasu. Zawo ya kama shi a rugar, kwana huɗu. Na je tun kafin nan in ɗauko shi, goggon ta ce sai Baffa ya yi izini, Baffa ya ce sai an ga ƙarshen ciwon. Ranar sha huɗu ga wata aka aiko. Ni na sa shi a rami da hannuna. Bai fi nauyin littafin ajina ba.

Suwaiba ba ta sani ba. An hana kowa kuka a gidan. Baffa ya tara mu ya ce kada wanda ya faɗa mata, tunda ɗan fari ne ba za ta buɗe baki ta tambaya ba, al'ada ta hana ta. A bar ta tana zaton yana wurin goggo, har ta sami wani cikin, sannan a faɗa. Uwarta ta yarda. Har Furera ta aiko ta ce hakan ne daidai.

Amma Kawu, tun kafin labarin ya zo Inna ta fara ba ta kunu don nono ya dawo, kuma ya fara dawowa. Kullum da safe tana tatsa don kada ya ƙafe. Shekaranjiya ta ce wa Inna, ba ta kama suna ba, “Mutanen rugar can, sai yaushe za su zo?” Inna ta ce mini ita ba za ta yi mata ƙarya ba idan ta tambaye ta kai tsaye, ba kuma za ta faɗa ba, don ba ita ce uban yaron ba.

Idan na faɗa, ina tsoron rafi. Ya cika yanzu har ya shafe mashaya. Idan na yi shiru, ina kallonta tana tanadin nono. Ka gaya mini abin da zan yi. Duk abin da ka ce, shi zan yi, ba kuma zan karanta wa kowa ba.

Ɗanka,
Sani

Kiru, 3 ga Satumba, 1956

Zuwa ga ɗana Sani.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa Abubakar mai ceto ne, ya ba ka haƙuri. Kai ma an yi maka mutuwa, na lura babu wanda ya ce maka haka a gidan nan, to ni na ce.

Ka ce duk abin da na ce shi za ka yi. Kada ka ɗora mini wannan girma. Sau biyu ina ba da shawara a kan mai jego, ka ga inda aka kwana. Amma ka tambaya, zan faɗa.

A gaya mata. Surukinka ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma abin da yake tsoro gaskiya ne. Sai dai shirun nan ba zai riƙu ba. Gida ne mai mata da yara, ga masu tallan nono suna zuwa daga rugar. Wata rana a bakin rijiya wata za ta yi mata gaisuwar rashi, ta ji shi a tsaye, ba kowa kusa da ita. Ranar kuma za ta gane cewa uwarta da mijinta da tsohuwar da ta yarda da ita duk sun zauna suna kallonta tana tatsar nono. Yarinyar nan ta yi wata ɗaya da rabi tana ciwo a tsakiyar mutane ana ce mata lafiyarta ƙalau. Da ƙyar ta sami mutum ɗaya da ya ce mata na sani. Idan wannan ma ya zama ƙarya, ban ga wanda za ta sake buɗe wa baki ba.

Kai za ka faɗa, da bakinka. Da safe, bayan ta ci wani abu. Asibi a gefenta, uwarta a ɗaya gefen, ko tana so ko ba ta so. Ka kira sunansa. Ka gaya mata zawo ne, ka gaya mata ba nononta ba ne, ba kuma don ta kawar da kai ba ne, don abin da za ta fara ɗora wa kanta ke nan. Za ka maimaita mata wannan har ka gaji, watanni. A bar ta ta yi kuka da ƙarfi, a bar gidan su yi nasu da aka hana su. Idan ta ce a kai ta ta ga kabarin, a kai ta. Wanda ya ce ba a yi wa ɗan fari haka, ka turo shi wurina. Asibi kada ta kwance zanen nan sai bayan kaka.

Ban ce maka za ta ɗauka ba. Ban sani ba. Mai yiwuwa ta koma shirunta, mai yiwuwa abin ya fi haka muni, kuma idan ya zama haka za a ce kai da ni muka kashe ta, mu ma kuma za mu riƙa tambayar kanmu. Na auna wannan kwana biyu kafin in ɗauki alƙalami.

Zan zo. Maikano zai tashi daga Kwanar Dangora ranar Alhamis idan hanya ta bari, ya ce zai sa ni gaba saboda ƙafar. Ba zan shiga wurinta ba, ba ta san ni ba, ba ni kuma da abin da zan ba ta. Zan zauna a waje da Baffa Ɗanasabe in gaya masa ni na sa ka. Dama yana neman Bahaushen nan mai boko da ya kira wa 'yarsa ciwo, to ga ni, ya zage ni har ya huce, kai kuma ka sami shiga. Idan ya ga dama ya saurara, zan gaya masa yadda aka fito da Halima. Ban taɓa faɗa wa wani namiji ido da ido ba.

Wannan takardar mai keken nan zan ba, don ta riga ni isowa. Ka jira ni zuwa Juma'a. Idan lorin ya maƙale ban iso ba, kada ka ƙara ko kwana ɗaya saboda ni. Idan kuma ta dube ka ta tambaya kafin nan, to lokacin ya yi, ka zauna a ƙasa kusa da ita ka faɗa mata.

Wassalam.

Kawunka,
Balarabe